Ƙarfe Nawa? Yadda Dubban Kwamfutoci Ke Tantance Lokaci Ba Tare Da Alƙali Ba

A ranar 14 ga watan Agustan 2020, masu gwajin sabon tsarin Ethereum suka ga abin mamaki. Dandalin gwajin da ake kira Medalla, wanda dubban masu tantancewa daga ƙasashe daban-daban ke aiki a kai, ya rikice cikin ɗan lokaci kaɗan. Babu wanda ya yi masa kutse, wuta ba ta ɗauke ba, intanet ma lafiyarta ƙalau. Agogo ne ya yi ƙarya.

Manhajar Prysm, wadda mafi yawan masu tantancewar ke amfani da ita a lokacin, tana tambayar wasu sabobi na intanet ƙarfe nawa, sannan ta gyara lissafin lokacinta da amsar da suka bayar. Ɗaya daga cikin sabobin ya ba da lokacin da ya yi gaba da kwana guda cur. Manhajar ta haɗa amsoshin ta raba, sai agogonta ya goce da kusan awa 4. Daga nan kwamfutocin suka riƙa jefa ƙuri'a a kan lokacin da bai zo ba, suna kuma watsi da saƙonnin 'yan uwansu a matsayin tsoffi. Sai da aka kwashe kwanaki kafin dandalin ya dawo daidai. An yi sa'a kuɗin da ke kai na gwaji ne.

Wannan lamari ya fito da wata tambaya da ta daɗe tana ba injiniyoyi ciwon kai: idan kwamfutoci da yawa za su cimma matsaya ɗaya, babu shugaba a cikinsu, wasunsu ma na iya zama maƙaryata, ta yaya za su gane cewa lokacin da aka rubuta a jikin saƙo gaskiya ne?

Me ya sa agogon kwamfuta ba abin dogaro ba ne

Kowace kwamfuta tana ƙirga lokaci ne da wani ɗan dutse mai suna kwaz, wanda ke karkarwa sau dubbai a sakan guda. Babu duwatsu biyu da ke karkarwa daidai wa daida, kuma zafi da sanyi da tsufa duk suna taɓa su. Kuskuren kashi 20 cikin miliyan, wanda ba baƙon abu ba ne a kwamfutocin yau da kullum, yana nufin agogon zai goce da kusan sakan 1.7 a kowace rana. A wata guda an tasam ma minti ɗaya.

Maganin da aka saba da shi shi ne tsarin NTP, wanda David Mills ya fitar tun 1985. Kwamfuta na tambayar wata saba lokaci, ta kiyasta tsawon tafiyar saƙon, ta gyara agogonta. Matsalar ita ce saƙo na iya jinkiri a hanyar zuwa fiye da hanyar dawowa, sabar na iya yin kuskure, wani kuma na iya shiga tsakani ya sauya amsar. Gyaran kansa yakan sa agogo ya yi tsalle baya.

Ko lokacin duniya na UTC ma yana da nasa tarkon. Tun daga 1972 an cusa masa ƙarin sakan guda har sau 27, domin ya daidaita da juyawar duniya. Wanda aka ƙara a ƙarshen Yunin 2012 ya durƙusar da shafuka irin su Reddit, wanda aka ƙara a daren shiga 2017 kuma ya sa wata manhajar Cloudflare ta lissafa tazarar lokaci ta samu adadin da ya gaza sifili, ta faɗi. A 2022 ƙasashe suka amince a daina wannan ƙari nan da 2035.

Shi ya sa tun 1978 Leslie Lamport ya ba da shawarar a raba tambayoyi biyu: wane abu ne ya riga wane, da kuma ƙarfe nawa abin ya faru. Ana iya amsa ta farko da lambobin jeri kawai, ba a kalli agogon bango ba. A kan wannan tunani aka gina tsare-tsare irin su Paxos da Raft. A Raft, misali, ana amfani da agogo ne don auna tsawon jira kafin a ce jagora ya mutu a zaɓi wani. Idan agogo ya ɓaci aiki na iya tsayawa, amma kwamfutoci biyu ba za su amince da bayanai masu karo da juna ba.

To sai dai akwai ayyukan da lambar jeri ba ta wadatar. Kwangilar da ta ce ba za a saki kuɗi ba sai ranar 1 ga Janairu tana buƙatar ranar gaske. Haka tsarin da ke son ya san ko bulo na fitowa da sauri fiye da kima. A nan ne tantance hatimin lokaci ya zama dole.

Katanga biyu na Bitcoin

Kowane bulo na Bitcoin yana ɗauke da hatimin lokaci, wato adadin sakan da suka wuce tun daga 1 ga Janairun 1970. Mahaƙin da ya samo bulon shi ke rubuta wannan lamba da hannunsa, kuma babu hanyar da za a tabbatar cewa agogonsa ya duba. Abin da sauran kwamfutocin ke yi shi ne su gina masa katanga biyu, ɗaya ta baya ɗaya ta gaba.

Katangar baya: a ɗauki lokutan bulo 11 da suka gabata, a jera su daga ƙarami zuwa babba, a zaɓi na tsakiya, wato na 6. Dole lokacin sabon bulo ya wuce wannan. Mu ɗauka lokutan su ne 10:00, 10:09, 10:21, 10:30, 10:38, 10:52, 11:01, 11:07, 11:20, 11:33 da 11:41. Na tsakiya shi ne 10:52. Sabon bulo da aka rubuta masa 11:00 zai karɓu, duk da cewa wanda ya gabace shi ya ce 11:41. Wannan ne dalilin da mai karatu kan ga bulo a shafukan bibiya da lokacinsa ya gaza na wanda ke bayansa, kuma ba kuskure ba ne.

Amfanin zaɓar na tsakiya a fili yake. Da a ce mai bulon ƙarshe ya yi ƙarya ya rubuta 13:30 maimakon 11:41, na tsakiya yana nan a 10:52, ko gezau. Maƙaryaci ɗaya ko biyu ba sa motsa shi. Da haɗawa da rabawa ake yi, kamar yadda aka yi a Medalla, ƙaryar mutum ɗaya ta isa ta janye kowa.

Katangar gaba: kwamfuta ba za ta karɓi bulon da lokacinsa ya wuce agogonta da fiye da awa 2 ba. Idan agogonta ya nuna 11:50, iyaka ita ce 13:50. A taƙaice, mahaƙi yana da filin kusan awa 3 da zai rubuta abin da ya ga dama a ciki.

Akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin katangun nan. Ta baya ta dogara ne da abin da ke rubuce a cikin sarƙar, don haka ko bayan shekara 10 duk wanda ya duba zai samu amsa ɗaya. Ta gaba kuwa ta dogara da agogon mai dubawa a daidai lokacin da bulon ya iso. Saboda haka bulon da ya yi gaba da yawa ba a soke shi har abada, ajiye shi ake yi a gefe, idan lokaci ya riske shi yana iya karɓuwa.

A watan Yulin 2016 aka ƙara wa lokacin tsakiya wani aiki ta hanyar gyaran BIP113. Kafin nan, mahaƙi na iya tura lokacin bulonsa gaba don ya saka cinikin da aka kulle zuwa wani wa'adi, ya kwashe ladansa kafin wasu. Yanzu ana auna wa'adin ne da lokacin tsakiya na bulo 11 da suka wuce. Abin da aka biya a madadin wannan kariya shi ne jinkiri: agogon da Bitcoin ke hukunci da shi yana bayan agogon bango da kimanin awa ɗaya.

Inda ɓarayi ke shigowa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar farko ita ce agogon mai dubawa. Shekaru da yawa manhajar Bitcoin tana gyara lokacinta da na kwamfutocin da ta haɗu da su, har zuwa tazarar minti 70. Tun 2011 aka bayyana yadda za a ci amanar wannan. Maƙiyi ya kewaye kwamfuta ɗaya da abokan ƙarya masu faɗin lokacin da ya wuce, har su ja agogonta baya da minti 70. Sannan ya haƙo bulo ya rubuta masa lokacin da ya yi gaba da minti 100. Kowa zai karɓa, tunda bai kai minti 120 ba, amma wadda aka kewaye za ta ga tazarar minti 170 ta ƙi. An raba ta da jama'a kenan, kuma ana iya nuna mata biyan kuɗin da sauran duniya ba su sani ba. A 2024, a siga ta 27.0, Bitcoin Core ta daina amfani da lokacin maƙwabta wajen hukunci. Yanzu agogon kwamfutar kanta ake dubawa, idan ya saɓa da na jama'a sai a gargaɗi mai ita ya gyara.

Tsaga ta biyu ta fi haɗari. Bayan kowane bulo 2016, Bitcoin na duba tsawon lokacin da aka ɗauka wajen haƙo su. Mako 2 ake so, wato minti 10 ga kowane bulo. Idan an ɗauki fiye da haka sai a sassauta wahalar haƙa, idan an gaza sai a tsaurara. Ana yin awon ne daga bulon farko na zangon zuwa na ƙarshensa, ba a haɗawa da na ƙarshen zangon da ya wuce. Wannan ɗan giɓi shi ne ƙofar.

Mu ɗauka wasu gungun mahaƙa sun mallaki rinjayen ƙarfin haƙa. Sai su riƙa rubuta wa kowane bulo mafi ƙanƙantar lokacin da doka ta yarda, yana matsawa sakan-sakan, ban da bulon ƙarshe na zango, wanda za su ba shi lokacin gaskiya. Bulo ɗaya ba ya motsa na tsakiya, don haka bulon farko na sabon zango zai iya komawa can baya. A ƙarshen zango na biyu, mako 2 ne suka wuce a zahiri, amma lissafi zai nuna mako 4, sai a rage wahala da rabi. Zango na uku zai ƙare cikin mako 1, lissafi ya nuna mako 5, a sake ragewa. Haka za a yi ta gangarowa. An kiyasta cewa cikin kimanin kwana 40 wahalar za ta iya kaiwa ƙasa ƙurmus, a kwashe sauran kuɗin da aka tsara fitarwa cikin shekaru sama da 100 a ɗan lokaci.

Ba a taɓa yi wa Bitcoin wannan ba, domin sai da rinjaye, kuma kowa zai ga alamun tun makonnin farko. Amma ƙofar tana nan a buɗe. Shawarar gyara ta BIP54 ta ce lokacin bulon farko na zango kada ya gaza na bulon da ya gabace shi da fiye da awa 2. Dandalin gwaji na testnet4 da aka buɗe a 2024 ya riga ya ɗauki irin wannan doka, da iyakar minti 10.

Ƙananan kuɗaɗe ba su tsira ba. Verge ta gaji tazarar awa 2 daga Bitcoin, alhali ita tana sake lissafin wahala ne a kowane bulo, tana kuma da hanyoyin haƙa guda 5 masu wahala daban-daban. A watan Afrilun 2018 wani ya riƙa cusa bulo masu lokacin ƙarya har tsarin ya ɗauka an daɗe ba a samu bulo ba, wahalar hanya ɗaya ta faɗi warwas, ya koma fitar da bulo kusan kowane sakan. An yi gyara, amma a watan Mayu aka sake dawowa, rahotanni suka ce an kwashe XVG kimanin miliyan 35. Darasin shi ne tazarar da ta dace da tsarin da ke awo duk mako 2 ta zama gagarumar ƙofa ga tsarin da ke awo duk bayan wasu sakanni.

Wani lokaci ma sakan ɗaya ya isa. Kafin Ethereum ta bar haƙa, wahalar bulo tana sauyawa ne gwargwadon tazararsa da na baya, a matakan sakan 9. A 2022 masu bincike na Jami'ar Hebrew da ke Ƙudus, Aviv Yaish da Gilad Stern da Aviv Zohar, suka nuna cewa kusan babu bulon rukunin haƙa na F2Pool da tazararsa ta faɗa daidai kan ninkin 9. Bayaninsu shi ne ana rage sakan guda daga lokacin, don bulon ya fi na abokin takara nauyi ya ture shi. Duk lokutan sun cika doka, amma an karkatar da su don riba.

Sabbin dabaru

Tun daga 15 ga Satumban 2022, Ethereum ta ƙwace alƙalamin daga hannun mai kawo bulo. An yanka lokaci gida-gida, kowane gida sakan 12, ana ƙirgawa daga ranar 1 ga Disamban 2020. Lokacin bulo dole ya zama daidai da farkon gidansa, babu ƙari babu ragi. Tantancewar ta zama lissafi mai sauƙi. Amma nauyin ya koma kan agogon kowane mai tantancewa, domin sai ya san wane gida ake ciki kafin ya yi aikinsa, kuma rangwamen da ake yi wa saƙon da ya iso da wuri rabin sakan ne kacal. Wanda agogonsa ya goce zai rasa lada, idan kuma da yawa suka goce tare, an koma gidan jiya irin na Medalla.

Tendermint, wanda sarƙoƙin Cosmos ke amfani da shi, ya bi hanyar shaidu. Kowane mai tantancewa yana saka lokacin agogonsa a cikin ƙuri'arsa, sai a ɗauki na tsakiya bisa nauyin jarin kowa. Ana buƙatar fiye da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u kafin bulo ya tabbata, an kuma ɗauka maƙaryata ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Don haka masu gaskiya ne suka fi yawa a cikin ƙuri'un da aka tara, na tsakiya kuma dole ya faɗa tsakanin lokutan da masu gaskiya suka bayar. Sabuwar sigar tsarin, CometBFT, ta zo da wata hanya: mai kawo bulo ya rubuta lokaci, kowa ya kwatanta da agogonsa, a yi rangwamen saɓanin agogo da jinkirin hanya, idan ya fita daga wannan zango a ƙi zaɓarsa.

Solana ta nuna ɗaya fuskar matsalar. A watan Mayun 2022 agogon cikin sarƙarta ya koma baya da kimanin minti 30, saboda bulo na ɗaukar fiye da milisakan 400 da aka tsara, dokokin hana ƙarya kuma ba su bar agogon ya yi saurin kamo na bango ba. Katangar da ta yi tsauri tana hana maƙaryaci, tana kuma hana gaskiya gyara kanta.

A kamfanonin da kwamfutocin duk na gida ɗaya ne, ba ƙarya ake tsoro ba, kuskure ake tsoro. Rumbun bayanai na Spanner da Google ya bayyana a 2012 yana da na'urorin GPS da agogon atom a cibiyoyinsa, kuma duk da haka ba ya cewa ga lokaci daidai. Abin da yake cewa shi ne lokaci yana tsakanin kaza da kaza, da shakkar da yawanci ke tsakanin milisakan 1 zuwa 7. Kafin ya sanar da cewa an adana bayani, sai ya dakata har shakkar ta wuce, don kada wani aiki da ya biyo baya ya samu lokacin da ya riga nasa. CockroachDB, wanda ke gudana a kan kwamfutoci na gama-gari, ya sa iyakar saɓani a milisakan 500, kuma kwamfutar da ta ga ta kusa wannan iyaka a kan yawancin 'yan uwanta sai ta kashe kanta. Gara ta fita da ta ɓata lissafi.

Abin da ya shafi mai karatu

Ga mai hada-hadar kirifto, abu na farko shi ne lokacin da ke jikin bulon Bitcoin ba hujja ba ce ta minti-da-minti. Idan gardama ta tashi kan ko an biya kafin wa'adi, lambar bulo da adadin bulon da suka hau kansa sun fi ƙarfi. A kuma lura cewa shafukan bibiya da yawa suna nuna lokacin UTC, wanda ya yi daidai da agogon Gana, amma yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya.

Ga mai rubuta manhaja, kada a gina caca ko ƙuri'a a kan lokacin bulo, domin mai kawo bulon ya san shi tun kafin kowa. Wa'adin da ke buƙatar daidaito na sakanni ba ya zama lafiya a kan sarƙar da ke da sassaucin awanni. Wajen auna tsawon aiki kuwa, a yi amfani da agogon da ba ya komawa baya, wanda kowace babbar manhajar kwamfuta ke bayarwa.

Ga mai gudanar da kwamfutar tantancewa a gida, inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon kwamfuta shi ke riƙe agogo idan an kashe ta. Idan ya mutu, tana iya tashi da kwanan watan shekarun baya. Na'urorin Raspberry Pi da suka gabaci na 5 ma ba su da irin wannan agogo ko kaɗan. A saka manhaja irin chrony, a ba ta majiyoyin lokaci aƙalla 4 daga masu su daban-daban, a kunna tsarin NTS mai hana sauya amsa a hanya inda ya samu, sannan a tsara cewa manhajar tantancewa ba za ta tashi ba sai agogo ya daidaita.

Akwai kuma wani wa'adi da ke jiran Bitcoin. Gurbin da aka ware wa hatimin lokaci yana ɗaukar lambobi ne har zuwa watan Fabrairun 2106. Daga nan babu lambar da za ta wuce katangar baya, sai an sauya dokar, kuma sauya ta na buƙatar kowace kwamfuta a tsarin ta sabunta manhajarta.